Eilif Haugtun Ya Zo Ranar Juma'a

Ni ce na tayar da inji na biyu ranar Asabar ɗin da ruwa ya ci tumakin Eilif Haugtun a mashigin Storvad, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na tayar da shi ina sane da cewa ranar ƙetarar da garke ce, domin Eilif ya zo da ƙafarsa ranar Juma'a ya gaya mini, ni kuma na yi masa alkawarin zan riƙe ruwan. Na sa wannan a gaban gaisuwa ne saboda na san halina. In na fara da gaisuwa da godiya, zan iya samo wata hanya mai ladabi in kauce wa maganar, kamar yadda na yi ta kauce mata duk tsawon shekarun nan.

Yanzu sai gaisuwa. Mai girma shugabar wannan taro, masu girma baƙinmu na hukumar ruwa da kuka taso daga babban birni domin sauraron mutanen kwarin Maldal, wakilan kamfanin da nake yi wa aiki, fastonmu, dattawan ɗakin addu'a, manoma da makiyaya, masu kamun kifi, maƙwabtana maza da mata da kuka san ni tun ina goye, da ke Inna Halldis, matar marigayi Eilif, da kike zaune a layi na uku kusa da ɗanki Torleif, ina gaishe ku duka da gaisuwar girmamawa. Sunana Gunvor Brekkhus. Shekara ashirin da shida ke nan ina aiki a ɗakin sarrafa ruwa na tashar wutar da ke ƙasan madatsar kogin Malda.

Ina godiya ga shugabar taro da ta sa sunana cikin masu magana ba tare da ta tambaye ni abin da zan faɗa ba. Ina godiya ga matan da suka dafa gahawa suka gasa waina tun safe, ko da yake ina tsammanin ba kowa ne zai so ya zauna tebur ɗaya da ni ba in an tashi. Ina kuma godiya ga baƙinmu, domin sun zo sabunta sharuɗɗan lasisin madatsar nan, abin da ba a yi ba tun ranar da aka gina ta, kuma sun ce suna so su ji yadda aikinmu yake taɓa kogin. Zan gaya musu iyakar abin da na sani, bi da bi.

Da farko, kada wani ya fita daga zauren nan ya ce Gunvor ta zagi madatsa. Kakata ta ba ni labarin shekarar da ambaliyar narkewar ƙanƙara ta ɗauke gada da rumbuna biyu, kuma tun da aka gina madatsar hakan bai sake faruwa ba. Da wutar tashar nan muke ɗumama gidajenmu a hunturu, da ita ake haskaka asibitoci a garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Na ci abinci daga wannan aiki, na binne iyayena da abin da na samu daga gare shi. Amma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan abin da kogin ya zama. A da, kogin Malda yana bin sama. In an yi ruwa ya cika, in ƙanƙara ta narke ya cika, in sanyi ya kama ya ragu, kuma kowane manomi yana iya duban duwatsu da safe ya san yadda zai sami mashigi da rana. Yanzu kogin yana bin agogo. Yana cika da ƙarfe bakwai na safe lokacin da mutanen birane suka kunna murhunsu, yana sauka da tsakar rana, yana sake cika da yamma. Ranar Lahadi yana hutawa, har wani daga cikinku ya taɓa yi mini ba'a cewa kogin ya fi wasu 'yan coci kiyaye ranar Ubangiji. Wanda ya dubi sama yau domin ya san halin kogi, ba abin da sama za ta gaya masa. Labarin yana hannun mutum ɗaya da ke zaune gaban na'ura a ɗaki mai ɗumi, mutumin da ba ya ganin mashigi daga tagarsa.

Na biyu shi ne saukar ruwa. In muka kashe inji farat ɗaya, ruwan yakan janye daga gefen tsakuwa cikin 'yan mintuna, ya fi saurin 'ya'yan kifin salmon da ke fakewa a wurin. Na sha sauka bakin kogi bayan na tashi daga aiki, na gan su a cikin 'yan kududdufai masu faɗin tafin hannu, ba su kai tsawon yatsana ba, suna buɗe baki, hankaki na tsaye a gefe suna jira. Masu kamun kifi za su yi muku bayanin wannan fiye da ni. Na uku shi ne hunturu. Ruwan da muke saki daga ƙasan tafki yake fitowa, yana da ɗan ɗumi, saboda haka ƙanƙarar kogin ba ta ƙara yin kaurin da za ta ɗauki doki da itace kamar zamanin iyayenmu, inda ta yi kuma hawa da saukar ruwa na farfasa ta daga ƙasa, sai ta zama tarko mai kyan fuska. Waɗannan biyun na taƙaita su, domin akwai waɗanda suka auna su da ma'auni, sun kuma rubuta.

Na huɗu shi ne hawan ruwa, kuma a kansa ne nake da shaidar da ba wanda yake da ita sai ni. In inji ɗaya ke aiki, ruwan Storvad bai wuce gwiwar mutum ba, tunkiya na iya ratsa shi. In aka ƙara na biyu, cikin minti arba'in ruwan zai isa mashigin, kuma ba a hankali yake zuwa ba. Yakan zo a dunƙule, ya kai ƙirjin namiji, da ƙarfin da zai tumɓuke shi daga tsaye. Jiniyarmu tana kuka a tashar, tana kuka a gindin gada, amma Storvad yana bayan kwanar dutse, kuma mutumin da ke tsakiyar tumaki ɗari uku, kowace da ƙararrawa a wuya, ba zai ji ta ba.

Baƙinmu ba za su sami abin da zan faɗa yanzu a cikin kowace takarda ba. Asabar ta biyu ta watan Satumba ake sauko da tumaki daga makiyayar kan dutse, kuma ba wata hanya sai ta Storvad. Tun farkon tashar, mai kula da garken shekara yakan biyo ranar Juma'a, ya tsaya a tagar ɗakin sarrafa ruwa da ɗan abin taɓawa daga gida, ya ce gobe ne. Mai aiki kuma sai ya ɗauko wata tsohuwar ƙararrawar tunkiya ya rataye a hannun inji na biyu, ba mai taɓa injin sai an kawo labari cewa garke ya haye. Oddvar Lien, wanda ya koya mini aiki, Allah ya ji ƙansa, shi ya nuna mini wannan a shekarata ta farko. Na tambaye shi me ya sa ba a rubuta shi a littafin aiki. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “'Yar Brekkhus, ranar da kika rubuta shi, ranar wani mai ɗaure da taye a wuya a birni zai karanta, ya tambaya wa ya ba mu izini. Ki bar tunkiya ta yi magana, ita ba a kai ta gaban kwamiti.” Da aka cire hannayen injin aka kawo na'ura mai allo, sai muka riƙa ajiye ƙararrawar a kan tebur, daidai gaban madannai, yadda hannu ba zai miƙa ba sai ya ture ta.

A waccan Juma'ar, wajen ƙarfe uku na rana, Eilif ya tsayar da taraktarsa a ƙofar tashar. Ni kaɗai ce a bakin aiki. Ya miƙo mini gurasar dankalin Inna Halldis ta taga, an shafa mata man shanu da sukari, an naɗe ta cikin farin ƙyalle mai ɗinkin shuɗi a gefe. Ya ce in ci, wai na rame kamar sandar shinge, kuma Allah bai taɓa cewa yunwa ce hanyar sama ba. Na ce masa shi ma Allah bai ce taba ce hanyar ba. Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya ce, “Gobe ne fa, 'yar nan. Ki ɗaure mana dodon naki.” Na ce, “Je ka abinka, Baba Eilif, ruwa na hannuna har sai na ji kun haye.” Kalmomina ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ɗauko ƙararrawar na ajiye a gaban madannai tun bai juya taraktar ba.

Ranar Asabar da ƙarfe goma da minti ashirin aka kira ni daga ofishin tsare-tsare na birni. Iska ta kwanta a teku, injinan da ke samar da wuta da iska sun tsaya, ana neman wuta ta ko'ina, suna so inji na biyu ya shiga da ƙarfe goma sha ɗaya. Na ce yau ranar tumaki ce. Mutumin ya yi dariya, ya tambaya ko tumakin sun cike fom. Sannan ya tambaya da gaske ko akwai wani abu a rubuce, na ce babu. Ina so ku ji amsarsa da kyau, domin kada laifina ya koma kan wanda bai yi shi ba. Ya ce, “To, ke kika san kwarinku. In ba zai yiwu ba ki faɗa, in nema wani wuri.” Bai tilasta ni ba. Ƙofa ya bar mini a buɗe.

Na zauna ina lissafin lokaci. Eilif mutum ne mai sammako, shekara da shekaru yakan haye Storvad kafin ƙarfe goma. In na tayar da inji da sha ɗaya, ruwa ba zai isa ba sai sha biyu saura minti ashirin. Na ce wa kaina lallai sun haye, sun manta ne kawai ba su aiko ba. Amma daga tagar da nake zaune ina ganin hazo kwance a kan duwatsu tun asuba, kuma ni 'yar makiyayi ce, na san ba a tattara tumaki cikin hazo da wuri. Waya na kusa da gwiwar hannuna. Da na kira gidan Haugtun, Inna Halldis za ta ce mini ba su sauko ba tukuna. Na tambayi kaina sau da yawa me ya hana ni kira, kuma amsa ɗaya ce kullum nake samu: na san abin da za ta ce, ban kuwa so in ji shi ba. A wancan watan ake zaɓen wanda zai zama shugaban ma'aikatan tashar, ni kuma ban so a ce a birni Gunvor Brekkhus ta tsayar da inji saboda ƙararrawar tunkiya. Na ɗauki ƙararrawar da hannun hagu, na toshe bakinta da yatsa don kada ta yi ƙara, alhali ba kowa a ɗakin sai ni, na sa ta a aljihun tebur. Na kunna jiniya kamar yadda doka ta ce, na jira minti biyar kamar yadda doka ta ce, na tayar da injin.

Sauran kun san shi, wasunku ma kuna wurin. Ruwa ya riski garken rabi a tsallake, rabi a ciki. Tumaki arba'in da uku suka tafi, da Tass, karen da Eilif ya rena tun yana ɗan kwikwiyo. Eilif, yana da shekara sittin da tara, ya shiga ruwa har ƙirji yana jawo 'yan raguna ta ulu, sai da Torleif ya fisgo shi ta wuyan riga. Ya yi mako uku a asibiti da ciwon huhu.

Ya ku jama'a, da a nan laifina ya tsaya, da kuskure ne na rabin sa'a, irin wanda mai rauni yake yi ya nemi gafara. Abin da ya biyo baya shi ne na shekara goma sha ɗaya. Ranar Litinin manajan tashar na wancan lokaci ya tambaye ni ko an sanar da mu za a ƙetare. Na ce, “Babu abin da aka rubuta a littafi.” Ku dubi maganar nan da kyau. Ba ƙarya a cikinta ko ɗaya. Na kwana biyu ina sassaƙa ta, ina juya ta, har sai da na tabbata zan iya faɗarta gaban Allah ba tare da harshena ya yi ƙarya ba. Manajan bai ƙara tambaya ba. Rahoto ya fita cewa an busa jiniya, an bi ƙa'ida, ba a sami sanarwa ba.

Eilif ya dage cewa ya zo. Amma a waccan shekarar ya riga ya bar tarakta a kunne sau ɗaya ya tafi cin abinci, ya kuma taɓa zuwa kanti ya manta abin da aka aike shi, irin mantuwar da kowannenmu yake yi. Sai mutane suka fara tattara waɗannan ƙananan abubuwa suna jerawa. Inna Halldis ta ce ai ita ta naɗe masa gurasa da hannunta. Aka ce to, ina ƙyallen? Wataƙila ya ajiye a wani wuri, wataƙila ya cinye a hanya. Ba wanda ya ce a bincika Gunvor, kuma kun san dalili. Ni ce wadda ta komo daga gari da ƙafa cikin dusar ƙanƙara don ta mayar da safar hannun da ta ɗauka bisa kuskure. Ni ce mai koyar da yaranku ranar Lahadi cewa harshe wuta ne. A kwarin nan in ana gardama akan ce a tambayi Gunvor. Gaskiyar da na yi shekaru ina tarawa, ita ce sandar da aka doke dattijon nan da ita.

Lahadin farko bayan ya fito daga asibiti, ya tare ni a matakalar coci. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bai ɗaga murya ba, bai zarge ni ba. Ya kama hannuna ya ce, “Gunvor, ki taimake ni. Na zo wurinki ranar Juma'ar nan, ko ban zo ba?” Mutane na tsaye kewaye da mu suna ɗaura mayafin wuya. Na ce, “Ai ka sha zuwa, Baba Eilif, shekara da shekaru.” Wannan ma ba ƙarya ba ce. Ya tsaya yana kallona, yana jiran sauran maganar, ni kuma na rufe bakina. Can sai ya saki hannuna, ya juya ga matarsa ya ce, “To, Halldis, in Gunvor ba ta tuna ba, ni ne na manta.”

Kafin Kirsimeti ya miƙa wa Torleif gona. Ya ajiye shugabancin ƙungiyar makiyaya da ya riƙe shekara ashirin. Ya biya maƙwabtan da tumakinsu suka tafi tare da nasa, ba wanda ya nema, shi ya ce haƙƙinsu ne a kansa. Ya fara yawo da ɗan littafi a aljihu yana rubuta duk abin da ya yi: na rufe ƙofar rumbu, na ba kaji abinci, na sha magani. Mutumin da ya san kowace tunkiya a kwarin nan da fuskarta da ta uwarta, ya koma ba ya yarda da kansa a kan ko ya kulle ƙofa. Ciwon mantuwa na gaske bai same shi ba sai bayan shekara bakwai. Shekara bakwai ɗin nan da hankalinsa ke garau yana zaton ya gushe, ni na ɗauke masa su. Aikin shugabancin tashar kuwa, an ba ni, na kuma karɓa.

A hunturun farko, ranar jibin Ubangiji, na tashi zan je gaba tare da kowa, sai na fasa. Na koma na zauna, a nan kan benci na ɗauki alwashi tsakanina da Allah: ba zan ƙara kusantar teburin Ubangiji ba sai na je gidan Eilif Haugtun na dube shi ido da ido, na gaya masa cewa ya zo, cewa hankalinsa lafiya lau yake. Fasto ya tambaye ni sau biyu me ya sa nake zama a baya, na ce abu ne tsakanina da Ubangijina. Wasunku sun ɗauka tsananin tsoron Allah ne, suka ƙara girmama ni. Na ga hakan, ban kuma gyara muku ba.

Na yi abubuwa da yawa a maimakon abu ɗayan nan. Kowace Asabar ta biyu ta Satumba na karɓi aikin da kaina, ban ƙara tayar da inji ba sai na ji muryar mutum daga Storvad. Na koyi sauke ruwa mataki mataki saboda 'ya'yan kifi, ko da birni na ƙorafi. Na yi azumi, na ba da sadaka a ɓoye, na saƙa wa jikokin Haugtun safa. Duk lokacin da na yi ɗaya daga cikin waɗannan, sai in ji sauƙi na mako guda, kuma yanzu na gane cewa sauƙin nan shi ne ya fi komai cutar da ni, domin shi ya riƙa ba ni ƙarfin jinkirtawa. Sau uku na kama hanyar zuwa wurinsa. Na farko na juya daga akwatin wasiƙa. Na biyu Inna Halldis ta gan ni ta taga, ta jawo ni ciki, ta zuba mini naman rago da kabeji, Eilif na zaune gefen murhu yana tsokanata wai har yanzu ban sami miji mai haƙurin jure addu'ata ba. Na ci abincinsu, na gode, na tafi. Na ce wa kaina ba a ɓata wa mutane cin abinci. Kullum akwai dalili, kuma kullum dalilin mai kyau ne.

Na uku a watan Fabrairun bana ne, a gidan kula da tsofaffi. Na same shi zaune gaban taga da rana, an rufa masa bargo a gwiwa. Ya kira ni da sunan mahaifiyata. Na durƙusa gaban kujerarsa na faɗa masa komai, tun daga gurasar har zuwa aljihun tebur, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ya saurare ni da natsuwa yana shafa bargon. Da na gama sai ya leƙa waje ya ce, “Hazon ya tashi kuwa? A ce wa Torleif kada ya yi gaggawa, 'yar Brekkhus na riƙe da ruwa.” Ya rasu a watan Afrilu.

Saboda haka, ya shugabar taro, ya baƙinmu, ga roƙona. Ina roƙo a rubuta cikin sababbin sharuɗɗa cewa ranar saukar da tumaki ba za a ƙara ruwa ba sai an sami tabbaci daga mutumin da ke tsaye a mashigin. Ina roƙo a rubuta iyakar saurin da za a ɗaga ruwa da iyakar saurin da za a sauke shi, a kuma kafa jiniya a Storvad kanta. Oddvar mutumin kirki ne, amma a wannan ya yi kuskure, ni kuma na gaji kuskuren na ɓuya a bayansa. Al'adar ƙararrawa ta tsare kwarin nan shekara arba'in domin masu riƙe da ita sun tsaya a kan maganarsu. Ranar da ta faɗo hannun wadda ta ji tsoron dariyar mutumin birni, ba abin da ya rage tsakanin garke da ruwa. Kada ku ƙara dogara da kirkin mai zama a kujerar nan. Kun dogara da nawa, kun ga inda ya kai ku.

Roƙona na ƙarshe ba na baƙi ba ne, na magatakardan taro ne. Ina so ya rubuta jimla ɗaya a littafin wannan zama, yadda jikokin Haugtun za su iya buɗewa su karanta: Eilif Haugtun ya zo tashar wuta ranar Juma'a da ƙarfe uku na rana, ya ba da sanarwa, an kuma yi masa alkawari. Jiya na miƙa wa kamfani wannan bayani a rubuce da sa hannuna. Abin da za su yi da ni nasu ne, ban nemi sassauci ba.

Inna Halldis, Torleif, ban zo neman gafararku a gaban jama'a ba, domin wanda aka roƙa a gaban jama'a an tilasta shi ne. Ga ƙararrawar, na ajiye ta a kan teburin shugaba. Wannan kuma ƙyallenki ne, Inna, mai ɗinkin shuɗi. Yana cikin akwatina tun ranar. Mijinki bai yar da shi a hanya ba.

Na daɗe ina muhawara da kaina a kan ziyarar Fabrairu. Na ce ai na je, na dube shi ido da ido, na faɗa. Bakina ya furta duk abin da na ce zai furta. Amma na san wannan muryar, ita ce ta sassaƙa mini maganar littafin aiki da ta matakalar coci, kuma na gaji da gaskiyar da ake aunawa da kalmomi. Alwashina shi ne Eilif ya san cewa ya zo. Na jira har sai da ba ya iya sani, sannan na sami ƙarfin hali.

Ubangiji ya ba baƙinmu hikima a kan abin da za su rubuta, ya mai da su gidajensu lafiya. Ya tsare masu ƙetare Storvad, mutum da dabba, bana da shekaru masu zuwa. Ya ba wanda zai zauna a kujerata bayana zuciyar ɗaukar waya ya kira. Ya ta'azantar da gidan Haugtun, ya hutar da bawansa Eilif cikin salama. In akwai sauran jinƙai ga mai jinkiri, shi ya san inda nake zama, a bencin baya.

Na yi wa Allah alwashi, ban kuma cika shi ba.

Na gode.